Gwaggo Ta Rasu a Gindin Tsamiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama hucewa ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin hatsin da aka noma a ƙauyen nan rasuwar taraktata, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, tana bakin aiki, da sarƙa ɗaure a ƙugunta. Ban san shekarunta na haihuwa ba, domin da tsufanta ta zo hannunmu, amma ta yi zaman da ya isa a haifi yaro a gidan nan ya girma har ya tsayar da gemu.

Ina roƙon masu karanta wannan sanarwa su yi haƙuri da tsawonta. Maganganu sun yi yawa a kan yadda marigayiya ta cika. Wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa an bar ta ne babu baƙin mai. Ni ne mai gawa, kuma ni ya kamata in faɗi yadda abin ya kasance.

Marigayiya ta shigo gidanmu a shekarar da Baba ya fara dogara sanda. Ni na matsa a saye ta. An yi gwanjonta ne a wata gonar gwaji da aka rufe. Ja ce a lokacin, ko da yake jan ya fara komawa ruwan ƙasa, fitilarta ta hagu a fashe, kujerarta kuma ƙarfe zalla, sai da mai ɗakina ta ɗinka mata matashi da tsohon bargo. Kafin a kawo ta sai da aka sayar da bijiman Baba guda biyu, Mai Tabo da Sarkin Barci. Baba bai hana ba. Ranar da na shigo da ita ƙauye, jama'a na biye da ni a baya, ya fito ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa tayarta da sandarsa, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya yi mini tambaya ɗaya.

"In ka yi barci a kanta, za ta kawo ka gida?"

Na yi dariya, mutane ma suka yi. Shi bai yi ba. Ya ce Sarkin Barci ya sha kawo shi har ƙofar gida yana gyangyaɗi a kan amalanke. Daga nan ya juya ya koma ɗaki.

Inna ce ta raɗa mata suna. Ta ce halinta ɗaya da ƙanwar Baba: ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, in ta tashi sai ta yi tarin da kowa zai ji, in kuma ta fara magana babu mai jin ta wani. Gaskiyar Inna ce. In na murɗa makulli, marigayiya takan ce ƙir-ƙir-ƙir, ta yi shiru kamar mai tunanin ko ta fasa fita yau. Sai na shafa mata goshi na sake roƙonta, sannan ta ce tuf, ta ce tuf, ta zarce da tuf-tuf-tuf-tuf, ta tofar da baƙin hayaƙi a kan shanyar mai ɗakina. Da wannan muryar ƙauyen nan ya riƙa sanin gari ya waye. Zakarun unguwarmu sun daɗe da sallama mata aikin.

Kyawawan halayenta ba su ɓoyu ga kowa ba. Aikin da maza ke kwana da kwanaki suna yi da fartanya, ita kafin rana ta take ta gama shi ta nemi wani. Ba ta zaɓen gona. Ta mai hali da ta gwauruwa duk da murya ɗaya take shiga. Ta fitar da motar kasuwa daga taɓo har ba a iya tuna sau nawa, ta ɗauko jinka da kwanon rufi da itacen girki, ta kai 'yan makaranta jarrabawa ranar da rafi ya cika. Ita ta ɗauki matar tela a tirela tana naƙuda ana sheƙa ruwan sama, aka haihu a ƙofar asibiti kafin a sauke ta, kuma yaron har yau Tirela ake ce masa, ko da yake yanzu yana can birni yana gadin wani shago. Ita ta kai Baba asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, ita ta dawo da shi. Ina shaida mata, ranar ba ta yi tari ba ko kaɗan.

An ce ba a faɗin aibin mamaci, to amma sanarwar da ta ɓoye rabin rayuwa ba ta cika ba. Marigayiya mai cin wuri ce. Ba ta iya juyawa a ƙaramar gona, don haka aka fara sare shingayen da ke tsakanin gonaki domin ta sami hanya. Ƙananan hanyoyin ƙafa da muka taso muna bi, ta bi ta kansu da garma. Kafin zuwanta, in lokacin huɗa ya yi, yau a taru a gonar wannan gobe a gonar wancan, mutum bai isa ya ɓata da maƙwabcinsa ba domin jibi zai bukaci hannunsa. Da ta zo, sai layi ya koma ƙofar gidana, kowa ya zo shi kaɗai ya tafi shi kaɗai. Waɗanda ke da shanu suka ga namu sun tafi, su ma suka sallami nasu. Da shanu suka tafi taki ya tafi, sai na buhu, wanda ba ya zuwa sai shuka ta yi rawaya. Maƙeri, wanda a da ba a samun wurin zama a rumfarsa in damina ta gabato, ya koma gyaran bokiti da ƙyauren ƙofa. Samari kuwa suka duba suka ga babu abin da ya rage musu a gona sai kallon hayaƙi, suka riƙa hawa motar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Cikinsu har da ƙannena, har da 'ya'yana maza.

Ƙanena ɗaya ne bai tafi ba, Auta. Tsakanina da shi akwai shekaru masu yawa, har baƙi kan ɗauka ɗana ne. A cinyata ya koyi riƙe sitiyari tun ƙafarsa ba ta kaiwa kuloci. Ya taso ya fi ni iya ta. Ni lallashinta nake yi, shi kuwa da ya hau take tashi, kamar tana jin kunyarsa. Yakan ja kunya miƙaƙƙiya kamar an sa zare. Da bayana ya fara ciwo, shi ke yin wuni ni in yi safiya. Ban taɓa ɓoye masa makulli ba. A ƙusa ɗaya yake rataye, bayan ƙofar ɗakina.

Gonar da muka fi ji da ita ita ce ta bakin rafi. Baƙar ƙasa ce mai riƙe laima, ko damina ta yi gardama ba ta ba mu kunya. Baba ya ba Inna ita tun yana da rai, da bakinsa, a gabana. Amma ni nake noma ta tun ina saurayi, daga cikinta gidan nan ke ci, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa akwai bambanci tsakanin gonar Inna da gonata ba. A tsakiyarta akwai tsohuwar tsamiya. A gindinta Baba ke kwance shanu su huta, a gindinta ni ma nake kashe marigayiya in ta yi zafi, in zuba mata ruwa a lagireto in sha ragowar.

Shekarun baya wani kamfani ya sauka a ƙetaren rafi. Suka kafa shingen waya, suka kawo injina masu ɗakin gilashi waɗanda tayarsu ɗaya ta fi Gwaggo tsayi. Suka fara sayen gonaki. Tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi, waɗanda ba su da ƙarfin noma ba su kuma da na sayen dizal, suka riƙa sayarwa. Duk shekara shingen sai ya matso, layin ƙofar gidana kuma sai ya ragu. Wakilinsu ya zo mini, mutum mai ladabi, ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Na ba shi ruwa ya sha, na ce masa gonar bakin rafi ba ta sayarwa ba ce. Ya yi godiya ya tafi. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

A ƙarshen ranin bana aka yi mini aikin ido, aka cire mini yana. Likita ya kafa mini dokoki: ban da ƙura, ban da rana, ban da sunkuyo, ban da ɓacin rai, ban da kuka. Aka dawo da ni gida aka kwantar a ɗaki, aka rufe taga da zane. A wannan kwanciyar ce jinyar marigayiya ta ƙarshe ta fara, kuma da kunne na bi ta daga farko har ƙarshe.

Wanda ya zauna da tarakta shekara da shekaru yana jin inda ta nufa ko bai gani ba. In ta fita ta yi dama, wajen gonakin tudu, muryarta kan yi nauyi saboda hawa. In ta yi hagu, wajen rafi, takan saki jiki tana tuf-tuf kamar mai waƙa. Kullum da safe sai in ji Auta ya shigo a hankali ya zare makulli daga ƙusa, in ji ta tashi, in ji ta yi hagu. Na yi mamaki, domin ruwa bai sauka ba, ba abin da za a yi a bakin rafi. Na tambaye shi.

"Magudanar ruwa nake gyarawa, Yaya, kafin damina. Kai dai ka huta."

Na ji daɗi har na sa masa albarka. Sai dai muryar da iska ke kawo mini daga rafi ba ta gyaran magudana ba ce. Sai ta yi gurnani, guuuuu, ta ɗaga har ta kai inda ban taɓa bari ta kai ba, sannan ta sake, ta yi haki, ta sake ɗauka. Da yamma in ta dawo tana wani ƙwas-ƙwas-ƙwas a ƙirji wanda ban san ta da shi ba. Na ce wa Auta ya kira bakanike ya saurare ta. Ya ce to. Na tambayi mai ɗakina ko ta ji wani labari a wajen famfo. Ta ce ba ta ji komai ba, ta gyara mini matashi, ta ɗiga mini magani a ido, ta fita da sauri.

Ranar Laraba da hantsi ina kwance ina saurare. Marigayiya ta ɗauki gurnanin nan, ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, ba a sassauta mata ba. Sai na ji ta ce ƙwam. Bayan nan ta ce tuf, a hankali, kamar yadda take farawa da safe. Ba ta ƙara cewa komai ba. Ƙauyen ya yi tsit har ina jin kukan kurciya a bayan ɗaki.

Na jira Auta ya zo ya gaya mini. Bai zo ba. Wanda ya zo shi ne bakanike, bayan azahar, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce inji ya buga, bulok ya tsage, kuma irin nata an daɗe da daina ƙerawa, ko a birni sai dai a sami gawa irinta a cira. Na ce ya kai ni in gan ta. Ya ce rana ta yi zafi, likita ya hana. Na ce in bai kai ni ba zan lalubi hanya da sanda. Na sa baƙin tabarau, mai ɗakina ta riƙe mini hannu ɗaya, bakanike yana gaba.

Kafin mu kai gonar na ga abin da ban bari a wurin ba. Turaku ne sababbi, an shafa musu farin fenti, an ja waya a kansu, sun zagaye gonar Inna sun haɗe da shingen kamfani. Akwai ƙofa, akwai ɗan ɗaki na kwano, akwai mai gadi. Baƙo ne, bai san ni ba. Ya taso da ladabinsa.

"Baba, ina zuwa? Nan gonar kamfani ce, ba a shiga."

Bakanike ne ya ja shi gefe ya yi masa bayani, sannan ya bar mu muka wuce. Aikin likita ya yi kyau, domin na ga komai tar, irin ganin da na shekara ban yi ba. Itatuwan kan iyaka duk an tuge su, ramukansu a buɗe. Tsamiya an sare ta, an yanka gangar jikinta gunduwa-gunduwa an jera a gefe. Kututturen ne kaɗai ya rage, an haƙe kewayensa, saiwoyinsa a waje. An ɗaura masa sarƙa, sarƙata, ɗaya bakin kuma yana ƙugun Gwaggo, a miƙe har yanzu kamar ana ja. Tayoyinta na baya sun haƙa rami sun nutse. Baƙin mai ya zubo daga cikinta ya kwanta a ƙasa, ƙudaje na bi. Matashin da mai ɗakina ta ɗinka yana nan a kan kujera.

A nan bakanike ya gaya mini sauran. An sayar da gonar tun kafin a kai ni asibiti. Manajan kamfani ya ce ba zai sa sababbin injinansa tugar kututture ba, kada su lalace. Ya ce wa Auta in ya share gonar da tsohuwar taraktar gidansu kafin ruwa ya sauka, za a ba shi aikin direba. Na tambayi bakanike tun yaushe ya sani. Ya ce tun farko. Na juya wajen mai ɗakina. Ta ce duk ƙauye an sani, amma likita ya ce ban da ɓacin rai, ita kuma idona take ji. Ban yi kuka ba, domin an hana ni.

Da muka dawo ban shiga ɗakina ba, na wuce na Inna. Tana zaune a bakin gado tana tsince wake a faranti. Ba ta ɗago ba. Na durƙusa na gaishe ta kamar kullum, ta amsa kamar kullum.

"Inna, na je bakin rafi."

"Na ji fitarku."

"Da saninki?"

"Gonata ce, Babba. Ubanku ya ba ni, kana wurin."

Na ce ban musa ba, amma ai da an gaya mini. Ta ajiye farantin a kan gado.

"Duk waɗanda na haifa sun watse. Daga mai aiko saƙo sai mai aiko gaisuwa. Ku biyu kuka rage mini. Shi jakarsa a ɗaure take a ƙarƙashin gado tun bara, na gan ta da idona ina shara. Suka ce in an ba su gonar za su ba shi aiki a nan, ya riƙa kwana a gidan nan, ya yi aure a nan. Me kake so in yi?"

"Ni fa, Inna?"

Ta dube ni kamar ba ta gane tambayar ba.

"Kai ai kana nan."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsintar wake. Na tashi na fita.

Auta bai kwana gida ba sai bayan 'yan kwanaki. Da ya zo, ya zo ne cikin shuɗiyar rigar aiki mai tambarin kamfani a ƙirji, da takalmi mai ƙarfe a baki. Ya tsaya a inda bakanike ya tsaya.

"Yaya, ya jiki?"

"Ina makullin?"

Ya ciro shi daga aljihu ya miƙo da hannu biyu. Na karɓa. Ya fara magana yana kallon ƙasa.

"Yaya, ko ban ja kututturen nan ba, ba za ta ga wata damina ba. Kai ma ka sani. Kuma wa za mu yi wa huɗa da ita? Waɗanda muke yi wa duk sun sayar. Ni ban iya komai ba sai tuƙi. Kai ka ɗora ni a kanta."

"Ba ka iya gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, za ka ba ni makullin?"

"A'a."

"To."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan. Tun daga ranar yana kwana a gidan, kamar yadda Inna ta so. Da asuba nakan ji fitarsa, da yamma in ji shigowarsa. Ƙofar ɗakina yake bi ya wuce, yakan rage sauri, ba ya tsayawa.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta ƙoƙarin wanke marigayiya. Tela ya ce ai ƙin aikin ta yi, ta gwammace ta mutu da ta tuge tsamiyar Baba. Na gode masa, amma ban karɓa ba. Kafin ta kai ga tsamiya ta riga ta tuge duk itatuwan kan iyaka, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi gardama ba. Ta san gonar nan fiye da kowa. Ta san inda ƙasa ke da laushi, ta san inda dutse yake, ta sha inuwar itacen da aka ɗaura mata. Da Mai Tabo ne aka kai shi wurin, aka sa masa sarƙa, aka ce ya ja, wataƙila da ya ja, ban sani ba, amma da ya waiwayo ya nemi fuskar mai gonar. Ita ba ta waiwayo ba. Wanda ya murɗa makulli shi ne nata. Na ciyar da ita dizal a shekarun da ban ɗinka sabuwar riga ba, na kwana da ciwon baya saboda kujerarta, na sallami shanun ubana dominta, ta tashi ta share wa baƙi gonar da muke ci, ina kwance ina jin muryarta ina sa albarka. Kututturen ne ya fi ta ƙarfi, shi ya sa ta tsaya.

Marigayiya ta rasu ta bar garma mai faifai, wadda ke jingine a bayan rumbu ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar tirela mai lafiyayyar taya ɗaya, da jarkokin dizal da mazurari, da akwatin sifana wanda rabin abin da ke ciki na aro ne. Ta bar bakanike, wanda da ciwace-ciwacenta ya yi aure ya aurar. Ta bar wata kaza mai wake-wake da ta saba yin ƙwai a ƙarƙashinta, wadda har yanzu take zagaya rumfa tana neman inuwar. Ta bar baƙin tabo a ƙasan rumfar, daidai inda take ɗiga. Ta bar ni, da ɗan fili a bayan gida wanda bai kai a kunna inji dominsa ba. Maƙeri ya ce in ba shi faifai ɗaya daga garmar, zai gwada ƙera mini fartanya, in hannunsa ya yarda ya daina rawa. Akwai kuma wanda ya fi kowa kusa da ita a kwanakinta na ƙarshe. Ban sa shi cikin waɗanda ta bari ba, domin shi ya riga ya sami wata.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Kamfani ya aiko mai gadi ya gaya mini, cikin ladabi, cewa gawar tana tare musu aiki, a ɗauke ta kafin ruwa ya sauka. Na so a ce mutanen ƙauyen nan ne suka turo ta da hannuwansu har gida, kamar yadda ta ɗauki nasu. Na bi gida-gida ina neman majiya ƙarfi. Na sami tela da ciwon ƙugu, na sami maƙeri, na sami tsofaffi masu kyakkyawar niyya da mata masu goyo. Na nemi ko bijimi ɗaya, babu shi a ƙauyen nan ko na kusa. Don haka na karɓi tayin manaja, wanda ya ce zai ba da aron injinsu ɗaya da direba, kyauta, saboda maƙwabtaka. Ba sai na faɗi wane direba ba ne.

Za a ɗauko ta ranar Litinin da safe, kafin rana ta yi zafi. Za a kwance sarƙar daga kututture a ɗaura ta a gabanta. Auta zai kasance a gaba, cikin ɗakin gilashi. Ni zan hau kujerar marigayiya in riƙe sitiyari, domin gawa ba ta shan kwana da kanta. Za a fito ta ƙofar kamfani, a bi hanyar rafi, a wuce rumfar maƙeri, a shigo da ita rumfarta ta bayan gida, a nan za ta kwanta. Mai sayen tsohon ƙarfe, wanda ya riga ya zo gaisuwa da sikelinsa a bayan babur, ana roƙonsa ya dakata sai an neme shi.

Bakanike ya ja mini kunne a kan gangaren kwalbatin da ke hanyar rafi. Ya ce a wurin dole na gaba ya riƙa waiwaye, na baya kuma ya riƙa yi masa alama da hannu yana taka birki, in ba haka ba gawar za ta gangaro ta hau shi. Zan taka birki, Inna ta kwantar da hankalinta. Ɗaga kai in dubi Auta ne ban yi wa kowa alkawari ba.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida bayan an sauke ta. Ba a bukatar kowa ya kawo komai. Roƙona ɗaya ga masu zuwa, kada wanda ya ce mini in yi haƙuri ai ƙarfe ce kawai. Na san ƙarfe ce. A cikin duk waɗanda suka yi mini wannan, ita kaɗai ke da wannan uzurin.